Ranar da Aka Kama Jarkar Kaka

Da hantsin ranar Talata na sha kwanar da ke fitar da mutum gaban meri, ofishin magajin gari, sai na ga filin fayau. Jiya da la'asar na bar jarkoki jere a jikin katangar nan, layi ya miƙe har ya lanƙwasa bayan masu sayar da katako. Yau babu ko ɗaya. Shatin gindinsu kawai ya rage a kan yashi, ɗaya bayan ɗaya, ga sawun tayar babbar mota ya bi ta kansu. Mai shayin da ke bakin filin, wanda jiya har benci ya ba ni, yana ganina ya juya ya shiga wanke kofin da na tabbata wankakke ne.

Wanda bai yi bazara a Damagaram ba, ba zai gane abin da ya tayar mini da hankali ba. A garinmu ba a ɗaga jarka daga layi. Idan pampo ya ɗauke, mace ba za ta tsaya a rana tana gadinsa ba. Jarkarta za ta ajiye a bayan ta wadda ta riga ta, ta koma gida ta ci gaba da aikinta. Jarkar nan ita ce matar. Za ta yini, ta kwana, ta sake yini, ba mai matsar da ita ko taku ɗaya. Kowane gida da alamarsa: wasu tsumma suke ɗaurewa a hannun, wasu jan farce suke ɗiga wa murfin. Dokar kuma ɗaya ce, ba a rubuce take a ko'ina ba, amma ko ƴar shekara biyar ta san ta: wanda ya ɗaga jarkar wani daga layi, shi zai cika ta da ruwa ya kai ta har ƙofar gidan mai ita. Na taɓa ganin ƙaton mutum, da babur ɗinsa da agogonsa, ya matsar da guda biyu don ya wuce. Mata suka kewaye shi, ba zagi ba ihu, sai da ya nemo ƴan ga-ruwa ya kai ruwa gida biyu.

To wanda ya iya kwashe layi guda sukutum, ba mutumin unguwa ba ne. A cikin jarkokin da aka kwashe kuwa akwai ɗaya da ni kaɗai na san abin da ke bayanta.

Aikin na Tanti ne. Haka muke ce mata, ko da yake ba ta haɗa jini da kowa cikinmu ba. Ta koyar da zane shekara ɗaya a kolejinmu, ita ce ta kama ni ina zana malamin lissafi a bayan kaye, littafin rubutuna, na yi masa jikin zabo. Na ɗauka tawa ta ƙare. Ta daɗe tana kallo, sannan ta karɓi bik ɗina ta ƙara wa wuyan tsawo, ta ce, "Yanzu ya yi kama da shi. Amma kada ki sake." Daga baya ta tafi ƙarin karatu, muka riƙa jin ana nuna aikinta a manyan garuruwa. Sai ga ta ta dawo ta kama gida mai faffaɗan zaure a unguwarmu, a daidai shekarar da na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare, nake zaune a gida ina cin tuwo da gori.

Zanenta ba irin na ratayewa a falo ba ne. Ta taɓa tara tsofaffin silifa na matan da ke kai abinci gidan kaso, waɗanda mazansu ko ƴaƴansu ke tsare ba a kai su gaban alƙali ba, ta ɗinke su a kan tabarma duk suna fuskantar gefe ɗaya. Ta taɓa zana yaran da ba su da takardar haihuwa, da rigunansu da komai, ta bar wurin fuskar fari fat. An kira ta amsa tambayoyi ba sau ɗaya ba. Takan tafi da ƴar kujerarta ta tsuguno, da goro a bakin zane, wai ta san benci ba ya isa. Ni da ko kaza mai kwanci nake kewaye wa, wannan ya fi zanen burge ni.

A bazarar bana ta ce ruwa za mu yi.

"Ruwa ba alfarma ba ne, haƙƙi ne," in ji ta. "Amma in na rubuta haka a kwali, mutum uku za su karanta, biyu su manta. Layin nan da muke wucewa kullum mun daina ganinsa. Mu ba shi fuska."

Jarka arba'in, kowace da fuskar mace ɗaya da ta taɓa jiran pampo. Mu huɗu muke taya ta, duk ƴan mata. Kara-Kara muka fi zuwa, unguwar da mutanen gari ke ambata da ƙasa-ƙasa da murya, ita kuwa Tanti sai ta shiga da sallama ta zauna a ƙasa. Ba ta zana kowa sai ta tambaye ta sau biyu. Akwai wata tsohuwa da kuturta ta cinye wa yatsu, a wuyan hannu take sargafo jarkarta. Ta ce, "Ki zana ni ina dariya. Kada su ce roƙo na zo." Kwana uku Tanti ta yi a kan dariyar nan, tana gogewa tana sakewa.

Sharaɗinta gare mu ɗaya ne: ba zagi, ba sunan kowa, fuskar wadda ta jira kawai.

Ta ce kowace cikinmu ta zana mace ɗaya daga gidansu. Na zaɓi Kaka, uwar babana, Babarbariya ta asali wadda har gobe in ranta ya ɓaci da yaren Barno take faɗa. Alamar jarkokin gidanmu ita take yi da hannunta: ƙusa take sa wa a wuta ta ja layi-layi a kafaɗar jarka, irin tsagen da ke kumatunta. Ta yarda in zana ta a kan jarkarta bisa sharaɗi biyu, in rage mata shekara goma, kuma jarkar ta dawo gida. Na rage goma sha biyar, ta ce ban yi ƙoƙari ba.

Sai konseyen unguwarmu, wato kansilanmu a meri, wanda mabuɗin pampo ke hannunsa. Hularsa kullum a karkace, tabarau a goshi ba a ido ba, haƙorin makka ɗaya a gefe, mabuɗin a igiya rataye a wuya kamar laya. Yakan buɗe lokacin da ya ga dama, ya rufe lokacin da ya gaji da ganinmu. Bishiyar lemun gidansa ba ta taɓa sanin an yi bazara ba. Shi da Kaka sun fi shekara nawa ba sa ga maciji.

Ranar da Tanti ta tafi meri karɓo takardar izini, na gama fuskar Kaka, ga sauran fenti a gwangwani, ga bayan jarka babu komai. Wallahi hannuna ne ya fara, ni bin sa na yi. Na zana ƙaton kwaɗo ya kumbura suntum, ya zauna a kan pampo, da hula a karkace, da tabarau a goshi, da haƙori ɗaya yana walƙiya, da mabuɗi a wuya. Ban taɓa zana abin da ya fito kamar wannan ba. Na ce zan shafe shi da rawayan fenti bayan azahar. Bayan azahar na ce gobe. Ranar Litinin da muka jera jarkokin, fuskoki suna kallon hanya, bayansu a jikin katanga, ni na ɗauko ta Kaka da kaina na manna ta da bango sosai. Na ce a raina ai ba mai ɗagawa.

Abin da ya faru ranar, ko Tanti ba ta hango shi ba. Mun jera arba'in, mun koma inuwa muna jiran masu kallo. Wajen ƙarfe goma wata mata ta zo wucewa da goyo. Ta dubi layin, ta dubi ƙofar meri, ta juya da sauri. Jim kaɗan sai ga ta da jarka biyu, ta ajiye a bayan ta arba'in, ta gyara musu zama, ta tafi abinta. Na bi ta da gudu.

"Inna, ba layin ruwa ba ne, zane ne."

"Eh, na ga zanen, ya yi kyau. Ƙarfe nawa motar za ta zo?"

"Babu mota, Inna."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke dai kin riga kin sa taku, ko?"

Kafin azahar labari ya zaga gari cewa motar ruwa za ta tsaya gaban meri. Aka riƙa kawowa a ka, a amalanke, a bayan kabu-kabu. Ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ɗaga murya. Kowa ya ajiye tasa ya tafi. Da farko Tanti na tare mutane tana bayani, da ta ga bayanin ƙara musu tabbaci yake, sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. "Sun gama mini aikin," in ji ta. "Ni arba'in na iya. Dubi abin da gari ya yi." Gaskiyarta ce. Fuskoki arba'in a gaba, a bayansu ɗaruruwan jarkoki marasa fuska, shiru, a rana, suna kallon ƙofar hukuma. Ban taɓa jin na shiga cikin abin da ya fi ni girma ba sai ranar.

To ga ni yau Talata a filin da babu komai. Na matsa wajen mai shayi na gaishe shi. Bai dube ni ba, da kofin yake magana.

"Gab da magariba suka zo. Polis da babbar mota. Konseyenku ne ya kawo su, wai izinin arba'in aka bayar, wannan zanga-zanga ce." Ya ƙara rage murya. "Da ya ga jarka mai tsage, ya ce ga ta uwar masu fitina nan, ya fizgo ta da hannunsa don ya nuna musu. Sai ta juya."

"Ta juya?"

"Ta juya." Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. "Polis ɗaya sai da ya koma bayan mota. Ƙanwata, ban san wanda ya yi ba, ban kuma son sani. Amma haƙorin nan, kai!"

Ban san yadda na kai gida ba. Ban daɗe da shiga ba babur ya tsaya a ƙofa, aka yi sallama da muryar da ba ta unguwa ba. Har yau da nake rubuta wannan, in babur ya tsaya a ƙofarmu sai na ajiye abin da ke hannuna. Takardar kira ce daga komisariya, ofishin polis: mai jarkar, da wanda ya yi zanen da ke bayanta, su zo gobe ƙarfe tara. Konseye ya kai ƙarar cin mutunci. Bai sha wahalar gano gidan ba, ai alamar kowane gida a kansa take.

Na faɗa wa mutanen gidanmu komai a tsakar gida. Inna ta zauna daɓas a kan turmi. Ta ce in haɗa kaya a sa ni a mota zuwa Gidimuni wajen ƙanwarta kafin la'asar, ko ba komai can akwai ruwa. Baba, wanda ma'aikaci ne mai tsoron duk wata takarda mai hatimi, ya karanta sau uku, ya naɗe, ya ce wanda ya gudu ya amsa laifi. Ni kuma hoton ɗaki ɗaya kawai nake gani, mai ƙofar ƙarfe, da Inna tana kawo mini tuwo da silifanta irin waɗanda Tanti ta ɗinke a tabarma.

Da kowa ya gama, Kaka ta juyo gare ni.

"Ke nan ni da mutumin nan kika haɗa a jarka ɗaya? Baya da baya?"

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Wa ya fi kyau?"

"Ke."

"To. A wanke mini farin mayafina."

Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa wajen Tanti. Na same ta a zaure tana wanke buroshi, ita ma an kawo mata tata takardar. Na faɗa mata kaina a ƙasa. Ta ajiye buroshin ta dube ni.

"Kin san abin da kika yi?" ta ce. "Layin nan na waɗanda suka jira ne. Kin ɗauko wanda bai taɓa jira ba kin ba shi wuri a ciki. Yanzu maganarsa ake yi. Tsohuwar Kara-Kara da dariyarta, wa ya tuna da ita tun safe?"

Da ta mare ni da ya fi sauƙi. Na fara kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini tsumman goge buroshi, na share fuska da shi, na yi shuɗi har kunne.

"Gobe ki bar ni in yi magana. Aikina ne, duk abin da ke jikinsa nawa ne." Ta juya tana jera buroshi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "An ce kwaɗo ne?"

"Eh."

"Da tabarau?"

"A goshi."

Ta yi wani tari mai tsawo wanda ban yarda tari ne ba.

Laraba muka tafi mu uku, Tanti da kujerarta a hammata, Kaka cikin farin mayafi da turare kamar mai zuwa suna, ni a tsakiya. Tun daga nesa muka hango mata zaune a inuwar darbejiya a ƙofar komisariya, sun fi ƙarfin ƙirga. Ba zanga-zanga suka zo ba, jarkokinsu suka zo karɓa, don gidan da ba jarka ko ruwa ya zo kallonsa za a yi. A cikin farfajiya kuwa ga jarkokin. Polis ɗin da suka sauke su ƴan gari ne, ba su iya jibge su ba. A layi suka jera su, tsaf, kowace a bayan ƴar'uwarta.

Aka shigar da mu biro, ofishin komiser, shugaban polis ɗin. Komiser dogo ne, siriri, fari, mai dogon hanci. A kan teburinsa ga jarkar Kaka, fuskarta na kallon ƙofa. A gefe konseye na zaune. Da ƙyar na gane shi. Ba hula, ba tabarau, mabuɗin ya shige cikin riga, bakinsa a rufe gam.

Kaka ta tsaya ta ƙare wa komiser kallo.

"Af! Bafillace ne ashe. Kai, wa ka bar wa shanun ka zo ka hau kujera?"

Na ji kamar in nutse. Na san akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, amma ban san yana shiga biron hukuma ba. Komiser ya ajiye bik ɗinsa a hankali.

"Tun da na ga jarkar nan na ce ta Barebari ce. Ku ko roba ba ku bari sai kun yi mata tsage. Zauna, tsohuwa, kafin ki faɗi a ce ni na ture ki."

"Ka ga mai faɗuwa? Kai da iska za ta ɗauka?"

Ya yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. Ya juya jarkar. Ga kwaɗona, cikin hasken taga, ya fi yadda na bar shi kyau. Wani polis da ke tsaye a ƙofa ya ɗaga kai yana nazarin silin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Tanti. "Ni na nemi izini, sunana ne a takarda. Duk abin da ke jikin jarkokin nan ni zan amsa shi."

Ta faɗa kamar mai faɗin farashin tumatir. Na dube ta. Hannunta ɗaya na kan gwiwa, sai na ga babban yatsanta yana ta murza bakin zane, yana murzawa. Ashe ita ma tana jin tsoro. Ashe duk zuwan da take yi da kujera da goro, da tsoron take zuwa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni ce." Muryar da ta fito ko ni da ƙyar na ji ta. "Ba ta ma san da shi ba. Ta hana mu. Ni na yi."

"Ku biyun ku zauna," in ji Kaka. "Jarkar wa ce? Tawa. A layi take? A layi take. To ni ce. Ka fita ka tambayi kowace mace a ƙofar nan."

Komiser ya dafe goshi. "Jarka ɗaya, masu laifi uku. Madam, ke na san ki. Tsohuwa, ke ko alif ba za ki iya ja a miƙe ba." Ya tsayar da idonsa a kaina. "Ke ce. Kin san cin mutuncin mutum a bainar jama'a yana kai mutum ɗakin can?"

Ya nuna da bik. Ban juya ba.

"Bainar jama'a?" Kaka ta gyara mayafi. "Tsaya, ɗan Fillo, in tambaye ka. Abin nan bango yake kallo. Yini guda gari na wucewa, wa ya gani? Ba kowa. Wa ya nuna wa jama'a?"

Ta matso kusa da tebur.

"Wa ya ɗaga jarkata daga layi?"

Komiser ya juya wajen polis ɗin ƙofa. Polis ya sauko da idonsa daga silin, ya ce da ladabin Faransanci, "Mushe konseye ne, da hannunsa."

"Da hannunsa," in ji Kaka, ta juya gaba ɗaya ta fuskanci konseye. "Kai da kake riƙe da mabuɗi, kai ne ba ka san doka ba? Ka ɗaga, ka cika, ka kai ƙofar gida. Tawa ɗaya ce, da sauƙi. Sauran kuma kai ka ce a ɗaga. Ga masu su can a waje."

Konseye ya buɗe baki, haƙorin ya leƙo, ya yi maza ya rufe. Ya ce ta gefen baki wannan ba dokar ƙasa ba ce.

"Ba ta cikin littafina," in ji komiser. "Na duba, babu. Amma a cikin matan can akwai surukata, jarkarta huɗu. Tun jiya ban ci abinci da daɗi ba." Ya jawo wata takarda. "An kuma ce mini akwai guda shida masu koren tsumma a hannu. Na gidan wa ne?"

Ko ni na san na gidan wa ne. Matar konseye ma ta ji labarin motar ruwa.

"To, Mushe konseye, ga yadda abin yake. In zanga-zanga ce, da gidanka da gidana a ciki. In kuma ƙarar cin mutunci ce, sai in rubuta cewa ka zo ka shaida wannan kwaɗon kai ne, in rubuta wanda ya ɗaga jarkar, ka sa hannu, takarda ta tafi gaban alƙali a karanta a fili. Da jarkar za a tafi, a ɗora a tebur." Ya matso da ita gabansa. "Duba da kyau. Kai ne?"

Konseye ya dubi kwaɗon. Kwaɗon ya dube shi. Daga waje ana jin hayaniyar mata tana ƙaruwa, wata na tambaya da ƙarfi ko sai sun kwana.

"Ni ban ce ni ne ba," ya ce a ƙarshe. "Mutane ne suka ce."

"Bai yi kama da kai ba ke nan?"

"Ko kaɗan."

"Ai na gani," in ji Kaka. "Wannan yana da fara'a."

Ba a nan aka gama ba, kuma ba duka aka gama da daɗi ba. Tanti ta sa hannu a wata takarda cewa ba za ta sake ajiye komai gaban meri ba sai an ƙirga an amince, komiser ya gaya mata ba da wasa ba cewa izini na gaba zai yi wuya. Ta karanta kowane layi kafin ta sa hannu, ta kuma roƙi abu ɗaya, a mayar wa matan Kara-Kara jarkokinsu da fuskokinsu, kada a goge. Ya yarda. Konseye ya ce zai cika ta Kaka in ruwa ya zo, Kaka ta ce ta san ƙofar gidansa, ta kuma san bishiyar lemu. Ya fita ta ƙofar baya. Aka ce wa polis ya buɗe ƙofa mata su shigo, kowace ta ɗauki tata.

Duk wannan ina tsaye, don ba wanda ya ce mini komai a kan kaina. Komiser na ta rubutu. Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata, ina kallon dogon hannun kamar shi zai yanke mini hukunci. Can ya ɗago.

"Ke har yanzu kina nan?"

"Mushe komiser, ni… ɗakin can…"

"Wane ɗaki? Ba mai ƙara, ba wanda aka zana. Kwaɗo bai kawo kuka ba." Ya tura mini jarkar ta kan tebur, ya rage murya yadda Kaka ba za ta ji ba. "Ki shafe shi yau ɗin nan. In kuma na taɓa ganin dogon hanci a jikin wata jarka, ni da ke ne. Je ki gida, yarinya, babu komai a kanki."

Na ce na gode, ko dai bakina ya motsa. Na miƙa hannu na ɗauki jarkar, na waiga ina neman wurin zama. Tanti ta zura mini kujerarta ta tsuguno a daidai lokacin, na zauna a kai a tsakiyar biron komiser, na rungume jarkar da ba komai a ciki, fuskar Kaka a waje, kwaɗon a ƙirjina.